Likkafanin da Bai Je Rijiya Ba

Mutanen da ke zuwa hajji daga ƙasar Hausa suna ɗauka duk wanda aka haifa a Makka rabin waliyyi ne. In suka ji kana Hausa, ka kuma ce musu a unguwar Jarwal aka yanke maka cibi, sai su riƙe hannunka su ƙi saki, wai suna neman tubarraki. Ni Hajara 'yar Tsoho a nan aka haife ni, a nan furfura ta same ni, ban kuwa taɓa ganin waliyyi a lungunmu ba. Mutane na gani masu neman abin sawa a bakin salati, ni ma ina cikinsu.

Sana'ar gidanmu wankin likkafani ce, amma na masu rai. Alhaji in ya gama aikinsa yakan nemi farin yadi, a tsoma shi cikin ruwan zamzam a bakin rijiya, a shanya a kan tsakuwar Harami, ya naɗe ya tafi da shi gida, ya ajiye a ƙasan adaka har ranar da za a sa shi ciki. Masu ƙarfi da kansu suke yi. Tsofaffi da marasa lafiya da duk wanda turereniyar bakin rijiya ta fi ƙarfinsa, muɗawwifinsu, wato mai masaukin da ke yi musu jagora, shi ke turo su gidanmu. Mahaifinmu Tsoho ya fara aikin, ƙanena Idris ya gada. Idris ke ɗaukar kaya zuwa rijiya. Ni nawa in ɗinka wa kowane yadi alama da zare mai launi don kada a musanya, in ya bushe kuma in ninke.

Idris yana da 'ya ɗaya, Rumasa'u. Uwarta Maimuna ta rasu ta bar ta tana rarrafe, ni kuwa aure biyu na yi Allah bai ba ni haihuwa ba, sai na ɗauke ta. A bayana ta yi wayo. Duk abin da ta sani na addini da zaman duniya daga bakina ta ji shi, wannan kuwa ba alfahari nake yi ba, ku dai riƙe shi.

Ni ba malama ba ce, izu biyu ma da ƙyar na haɗa. Amma duk Alhamis bayan la'asar yaran lungu sukan taru a tsakar gidanmu ƙarƙashin rumfar buhu, in koya musu alwala, in ba su labarin takwarata Nana Hajara da yadda ta yi ta kai da kawowa tsakanin duwatsu biyu tana neman ruwa, har rijiyar ta ɓulɓulo a gindin ɗanta. In koya musu cewa baƙon Allah ba a barinsa da ƙishi ko da ba ka jin yarensa, tantabarar Harami kuma ba a jifanta. Sauran yaran ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu, ƙuli-ƙulin da nake rabawa a ƙarshe suke jira. Rumasa'u kuwa haɗiye magana take yi. Ran nan na aike ta sayen gurasa ta dawo hannu rabbana, wai ta ga wata tsohuwa baƙuwa, mutuniyar ƙasar Jawa, zaune a rana tana kallon gurasar. Na ce to ai shi ke nan, yau sai mu ci ladan.

Akwai wata al'ada da Tsoho ya bar mana. Ko daga Kazaure ya taho da ita, ko a hanya ya ƙirƙiro abarsa, ban sani ba. A gidanmu yaron da ya yi ɓarna ya zo da ƙafarsa ya faɗa, ba a dukansa. Sai a ɗauko ɗan tulun zamzam da ke kusurwar ɗaki a ba shi kurɓi uku, a ce bakin da ya faɗi gaskiya a jiƙa shi. Haka aka yi min, haka aka yi wa Idris. Rumasa'u ta riƙe abin nan har ya so ya yi yawa. Ta fasa kasko ta zo ta faɗa, ta zagi akuyar maƙwabta ta zo ta faɗa. Wata rana ta same ni ina tankaɗe ta ce, "Gwaggo, na yi niyyar satar dabino, amma ban sata ba." Idris ya yi ta dariya, ya ce in ba a tashi tsaye ba yarinyar nan za ta shanye wa Musulmi rijiyarsu. Ni kuwa ina ba ta kurɓinta uku ina jin zuciyata fari ƙal.

Shekarar da abin ya faru tana da shekara shida. Shekara biyu ke nan da ƙarewar yaƙin Turawa, teku ta buɗe, alhazai suka cika garin ya batse. Kwanakin hajji Idris yakan tafi Mina da Arfa ya yi dakon tsofaffi, don ba a zama jiran wankin likkafani kawai. A hanyar dawowa daga Arfa raƙumi ya taka masa ƙafa. Aka kawo shi a kan jaki, mai ɗori ya ɗaure ya ce kwana arba'in kada ƙafar ta taɓa ƙasa. A satin kuwa yadi ya fara shigowa, don da an sauko daga Mina kowa hankalinsa ya koma gida.

Cikin waɗanda muɗawwifin ya turo akwai wani tsoho, Alhaji Dawuda, mutumin Gumel. Ƙafafunsa duk faso, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya zauna a bakin ƙofa yana haki, kafin in ce komai Rumasa'u ta kawo masa ruwa a kwano, ta durƙusa ta miƙa. Ya sha ya sa mata albarka, ya kwance ƙunshinsa. Nasa ba yadin kanti ba ne kamar na kowa. Farin saƙi ne na hannu, ƙyalle-ƙyalle an harhaɗa, mai kauri, zaren wani wuri siriri wani wuri ya yi ƙulli.

Rumasa'u ta shafa ta ce, "Kaka, naka ba irin na mutane ba ne."

Ya ce, "Ba nawa ba ne, 'yar gidana, na kakarki Mairama ne, matata. Shekara goma sha ɗaya muna tafe da ita. A gonakin auduga na Sudan muka yi ƙwadago, ita ta kaɗa zaren nan kaɗan-kaɗan, ni na saƙa. Da muka iso Sawakin, bakin teku, ƙafafunta suka ce sun gama. Na bar ta wurin 'yan garinmu. Ta ce min, je ka gano mana ɗakin Allah, ni dai ka kai min wannan ya sha ruwa a madadina."

Na ɗinka masa alama da jan zare na ce ya kwantar da hankalinsa, gidan Tsoho ya kawo.

Na ɗauki kaya a ka na tafi rijiya da kaina. Wanda bai ga bakin rijiyar zamzam ba a satin tafiyar alhazai, kada ya yanke min hukunci da sauri. Ɗaki ne guda, guga ake ja da hannu, ƙarti majiya ƙarfi na kowace ƙasa sun toshe ƙofa, kowa da gwiwar hannunsa a haƙarƙarin ɗan'uwansa, kowa kuma yana salati. Ni mace ce mai shekara hamsin. Kwana uku ina kutsawa tun da sassafe, in samu in jiƙa shida ko bakwai, in zauna gadinsu a rana har su bushe. Ran na huɗu muɗawwifin ya biyo ta ƙofarmu, ko sauka daga jakinsa bai yi ba, ya ce gobe da safe motocin Jidda za su tashi, yau da la'asar zai kawo mutanensa su karɓi kayansu. Saura tara a ɗaki.

Na tafi, Allah ne shaidata na tafi. Na kai har bakin ƙofar rijiya aka bangaje ni na kifa, leɓena ya fashe, ƙunshin ya yi gefe. Da ƙyar wani Bahindi ya janyo ni waje. Na sake gwadawa, wani askari mai gadin ƙofa ya ɗaga min sanda. Da azahar na dawo gida da yadi tara a bushe kamar yadda na fita da su.

Abin da ya kamata in yi na san shi tun a lokacin. In jira su zo in ce ga naku, ban iya ba, ku yafe ni. Amma akwai wani gida na masu irin sana'armu a unguwar Misfala da suka daɗe suna yi wa muɗawwifin nan fadanci ya ba su aikin. In ya juya mana baya, shekara guda za mu yi muna kallon juna, ga Idris kwance, ga yarinya. Na tsaya a tsakar gida ina tsotsar jinin leɓena, sai idona ya faɗa kan babban daro.

Na juye garwar ruwan da mai ruwa ya kawo da safe. Na shiga ɗaki na ɗauko ɗan tulun zamzam na tuttule shi duka a ciki. Na ce a raina ai ruwa mai albarka ne, kaɗan ɗinsa ya isa ya gyara mai yawa.

Daga kan shimfiɗarsa Idris ya ce, "Yaya, me kike yi?"

Na ce, "Abin da ƙafarka ta hana ka."

Ya kau da kai.

Yadi shan ruwa gare shi. Biyar na tsoma daron ya ƙafe. Na juye garwa ta biyu, wannan karon ko ɗigon zamzam babu. Na Alhaji Dawuda na bari a ƙarshe saboda kaurinsa, kada ya shanye na sauran. Zamzam kuwa yana da ɗan gishiri-gishiri a harshe, alhazai kuma sukan lasa su ji. Sai na ɗebo gishiri a tafin hannu na watsa na motsa.

Rumasa'u tana zaune a kan turmi tana kaɗa ƙafa. Ta ce, "Gwaggo, miya za ki yi?"

Na ce, "Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta ci gaba da kallo. Na shanya a igiyar bayan ɗaki. Ranar Makka ba ta wasa, kafin la'asar sun bushe na ninke.

Suka zo su tara, muɗawwifin yana gaba da carbinsa. Balarabe ne, amma shekara ashirin yana cin abinci a kan Hausawa, yana tsintar maganarmu. Na shimfiɗa tabarma na riƙa kiran launin zare ina miƙawa, kowa ya karɓa ya sumbata ya yi godiya. Da na miƙa wa Alhaji Dawuda nasa, ya rungume shi ya kifa fuskarsa a kai, kafaɗunsa suna rawa. Ya ɗago ya taɓa harshensa a gefen saƙin ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Mairama, kin sha."

Da a nan ya tashi ya tafi, da ban da labarin da zan ba ku. Amma tsohon nan mai son yara ne. Ya waiga ya ga Rumasa'u, ya yafito ta. Ba zargi ne ya sa ya tambaya ba, so yake ya sami abin da zai kai wa matarsa.

Ya ce, "Zo nan, 'yar gidana. Kin raka shi rijiyar? Ba ni labarin yadda ya sha ruwan, in na je in gaya wa kakarki."

Ta matso ta tsaya a gabansa, hannuwanta a baya, yadda take tsayawa a gabana in ta fasa abu. Ta ce, "Bai je rijiya ba, Kaka. A daro Gwaggo ta wanke shi da ruwan garwa. Zamzam ɗin ya ƙare kafin a zo kan naka. Amma ta sa masa gishiri."

Wata hajiya da ta riga ta cusa nata a jaka ta zaro shi tana jujjuyawa. Muɗawwifin ya daina jan carbi ya ce, "Esh? Me yarinya ta ce?"

Sai na ji ina dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai tsigar jikina ta tashi, don ta fito sumul kamar na daɗe ina ajiye da ita. Na ce, "Ƙarya take yi."

Rumasa'u ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Ya shehu, kada ka biye wa yarinyar nan, haka take. Ku tambayi duk lungun nan, laifin da ba ta yi ba ma zuwa take ta ce ta yi. Kayan ubanta ta ga ina wankewa a daro, shi ne ta haɗa nata labarin." Na nuna leɓena da ya kumbura na ce, "Wannan a ina na same shi? A bakin rijiya na same shi yau da safe, a kan kayanku."

Wannan kam gaskiya ce, ita ce kuma ta fi yi min aiki. Hajiyar nan ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, sannu." Wani ya ce yaran yanzu sai addu'a.

Rumasa'u ta ruga bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Baba, ai ka gani! Baba, gaya musu!"

Daga ciki Idris ya ce, "Uskuti, Rumasa'u. Yi wa mutane shiru."

Na ɗauka an gama. Sai Alhaji Dawuda ya dafa ƙasa ya durƙusa da ƙyar har fuskarsa ta zo daidai tata. Ya kama hannunta, muryarsa a tausashe, ko alamar fushi babu. Ya ce, "'Yar gidana, ke da kika ba ni ruwa ranar da na zo? Ƙarya ba ta dace da ke ba, balle a garin nan, inda zunubi ke ninkuwa. Dubi bakin gwaggonki, dubi wahalar da ta sha saboda mu. Gaskiya ake riƙewa, kin ji? Ko da za a yanka ka. Maza ki ba ta haƙuri."

Ta tsaya tana kallona, tana jira. Na san abin da take jira. Na kau da kai na shiga gyara bakin tabarma.

Muɗawwifin ya ce, "Yalla, ya binti. Maza, yarinya."

Ta ce, "Yi haƙuri, Gwaggo."

Tsohon ya laluba aljihu ya ba ta dabino ɗaya, ya shafa kanta. Ya sa likkafanin a cikin rigarsa, wajen ƙirji, ya yi min addu'a mai tsawo, ya haɗa da Tsoho da duk zuriyarsa. Na ce amin. Suka fita.

Ina kwashe tabarma na ga ta je kusurwar ɗaki ta tsaya gaban tulun. Dabinon yana hannunta ba ta ci ba. Ta ce, "Gwaggo, ba za ki jiƙa min baki ba?"

Na ce, "Ba ki ga tulun ba kowa a ciki?"

"Amma ai gaskiya na faɗa."

A nan ne ya kamata in zauna a ƙasa in jawo ta jikina in ce e, gaskiya kika faɗa, ni ce na yi ƙarya, tsoro ne ya kama ni. Kalma nawa ce? Amma haushi nake ji, haushin kaina, ita ce kuma a kusa. Na ce, "Ke ba ki da hankali ne? Ba kowace gaskiya ake faɗa ba. Da sun yarda da ke, me za mu ci? Ubanki zai tashi da karyayyar ƙafa ya nemo miki?"

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da na fi samun sauƙi. Ta ajiye dabinon a kan murfin tulun ta fita waje.

Zan so in ce muku washegari na yi sammako na je masaukinsu na karɓo saƙin na kai shi rijiya. Ban je ba. Ina kwance na ji ƙugin motocin Jidda suna fita gari, na juya na fuskanci bango. Ko Mairama tana raye ya same ta, ko a cikin saƙin nan aka sa ta, ban taɓa ji ba.

Bayan haka na yi azumi, na yi sadaka, na yi ɗawafi na ce ladan a kai wa matar da ban taɓa gani ba. Na rantse ko za mu ci ƙasa ba zan sake ba. Na nemi gafarar Allah ba adadi. Ta yarinyar ce ban nema ba ko sau ɗaya, don a ganina babba ba ya durƙusa wa ɗan da ya goya. Na ce yaro ne, mantuwa gare shi.

Alhamis ba ta fasa ba. Yara suna zuwa, ina ba da labari, ina cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, bakina bai ko karkace ba. Rumasa'u takan zauna a baya, in an ce a maimaita ta maimaita. Na sake cika tulun, amma ba ta ƙara zuwa ta ce ta yi wani laifi ba. Da fari har daɗi na ji, na ce yarinya ta yi hankali. Sai na lura kasko yana fashewa ba wanda ya fasa, nono yana raguwa a ƙwarya a ce kyanwa ce. In na tambaye ta sai ta dube ni ido cikin ido ta ce ba ta sani ba. Ni kuwa ba ni da bakin matsa mata.

Shekara ta kewayo. Idris ya warke da ɗingishi, ya koma ɗaukar kaya, kowane yadi ya je rijiya ya kwanta a tsakuwar Harami kamar zamanin Tsoho. Sai ranar karɓa wata mata ta zo ita kaɗai, Hajiya Rabi'atu, mutuniyar Damagaram. Na duba cikin ninkakku ban ga koren zarenta ba. Na shiga ɗaki na same shi ya zame bayan adaka, a bushe, da ƙamshin kanti a jikinsa. Ba wanda ya yi da gangan, mantuwa ce.

Wallahi farin ciki na ji. Na ce yau Allah ya kawo min ranar gyara. Zan faɗi gaskiya a gaban yarinyar nan, ta gani da idonta cewa gwaggonta ma tana iyawa, ba sai na durƙusa mata ba. Na fito da yadin a hannu, na tabbata Rumasa'u tana wurin, na gyara murya na ce, "Hajiya, wannan naki..."

Rumasa'u ta ce, "An kai shi, Hajiya."

Ta taso ta karɓi yadin daga hannuna ta miƙa wa matar da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Ta ce, "Jiya aka kai shi, ni na raka Baba. Guga uku aka zuba masa. Ni na yi gadinsa da aka shanya, har wata tantabara ta sauka a kai ban kore ta ba. Wallahi tallahi ya sha zamzam."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Muryarta daɗi kamar mai karanta Fatiha. Matar ta washe baki tana cewa ma sha Allah, har da tantabara. Rumasa'u ta waigo ta dube ni, fuskarta a sake, irin kallon yaron da ya yi aike ya dawo da abin da aka ce. Rabon da ta dube ni haka shekara guda ke nan.

Na ce, "Hajiya, ba a kai shi ba. Bayan adaka ya faɗa, yanzu na gan shi. Ki yi haƙuri ki dawo gobe, yau ɗin nan za a kai."

Matar ta dubi yarinyar ta dube ni. Ta ce, "To, ita wannan fa da ta ce..."

Na ce, "Ƙarya take yi."

Ta riƙe haɓa ta ce, "Subhanallahi! 'Yar wannan, har da rantsuwa? A Makka? Baiwar Allah, ku tashi tsaye a kanta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ta ajiye yadin a tabarma ta ce sai goben. Idris ya ɗauka ya saɓa a kafaɗa ya fita yana ɗingishi, bai dubi kowa ba.

Muka rage daga ni sai ita. Na zauna a kan turmi. Ta zo ta tsaya a gabana. Ba fushi a fuskarta, ba kuma gatse a muryarta, na san gatse in na ji shi. Da gaske take tambaya.

Ta ce, "Gwaggo, bara na faɗi gaskiya, kin ce wa mutane ƙarya nake yi. Bana na yi yadda kika yi, kin ce ƙarya nake yi."

Na ce, "Rumasa'u..."

Ta ce, "Ni dai ki gaya min wanda kike so. Shi zan riƙa yi."